Yaƙin Kujera Mai Ƙafa Biyar

Tun ranar da aka kafa garin Kaduna aka ɗora gada a kan koginta, ba a taɓa samun namijin da ya fita fagen fama da safe, ya ci gari, ya dawo da ganima kafin magariba ba tare da ya zubar da jinin ko sauro ba, in ban da Hambali ɗan Mudi. Wannan magana tabbatacciya ce, duk mai ja a kanta kuwa sai ya je ya tambayi Hambalin da kansa.

Shi ne Hambali ɗan Mudi mai awon hatsi, wanda ya shekara arba'in a kasuwa hannunsa bai taɓa kuskuren ƙara wa mai saye ƙwaya ɗaya ba. Mudi ɗan Zailani, wanda ya kori kura daga bakin garke da tari guda, ko da yake wasu malaman tarihi sun ce dama kurar a ƙoshe take. Zailani ɗan Jatau, wanda ya tsaya a tsakiyar layin dogo ya daka wa jirgin ƙasa tsawa ya koma inda ya fito, sannan a ƙarshe ya matsa gefe saboda tausayin fasinjoji. Daga wannan tsatso mai albarka aka samu Hambali, Babban Mataimakin Jami'in Tattara Rahoto a wani kamfanin sayar da irin shuka da maganin feshi, wanda ya riƙe muƙaminsa shekara goma sha tara ba a samu mai ture shi ba, ba a kuma samu wanda ya tuna ya ciyar da shi gaba ba. Bijimin Rigasa, na Luba ba da tsoro! Gagarabadau mai amsa saƙo kafin a gama aiko shi! Dutsen cikin taro, wanda ba a jin muryarsa sai an zo addu'ar rufewa!

Amma ba'adu. Sa'ad da annobar korona ta sauka, kamfani ya ce kowa ya koma gida ya riƙa aiki daga can, aka kuma yarje wa kowane ma'aikaci ya tafi da kwamfutarsa da kujerarsa, bayan ya sa hannu a gaban Mista Bulus mai kula da sito. Kujerar Hambali baƙa ce, mai ƙafa biyar, kowace ƙafa da 'yar tayarta. Tana da majingina mai laushi da hannuwa biyu, tana juyawa gabas da yamma, in an ja wani ƙarfe a ƙarƙashinta ta yi sama, in an sake ja ta sauko da huci kamar tsohuwar da jikoki suka gajiyar. A bayanta an rubuta lamba 47 da farin fenti.

Annoba ta wuce, amma kamfani ya lura aiki na tafiya, ga shi ba ya sayen man janareta, sai ya yi shiru. Shirun ya kai shekara huɗu. A cikin waɗannan shekaru Hambali ya mulki ɗakin baƙi na gidansa da adalci. Yana halartar taro ta kwamfuta, daga ƙugu zuwa sama jami'i ne sosai, kaftani a goge, hula a karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, Allah dai ya rufa asiri. Ya manta cunkoson motoci, ya manta ƙamshin takalmi sau-ciki, ya san lokacin da ake sauke tukunya a gidansa fiye da mai dafa ta.

Sai dai a kan tabarma ya yi mafi yawan wannan mulki, kwamfuta a kan akwatin matarsa. Ga yadda kujerar ta kuɓuce masa.

A shekarar farko matarsa Lubabatu ta yi haihuwa ta huɗu, ta samu mace, aka sa mata sunan kakarta, ana kiranta Ummi. Kakar, Hajiya Tabawa, ta taso daga Maƙarfi ta zo wankan jego. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, gwiwoyinta sun daina yi mata biyayya, har likita ya ce ta riƙa salla a zaune. Ta gwada kujera 'yar tsuguno, ta yi mata ƙasa. Ta gwada bakin gado, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ran nan Luba ta turo mata kujerar ofis, ta ja ƙarfen nan har ta daidaita, Hajiya ta zauna ta yi azahar, ta shafa addu'a, ta daɗe ba ta tashi ba.

"Kai, kujerar nan ta Baban Ummi," in ji ta, tana duban 'yarta, don suruka ba ta yi wa suruki magana kai tsaye in da wanda za a bi ta kansa, "kamar an auna ƙafata aka ƙera ta."

Hambali yana bayan labule. Jinin karamci ya motsa masa, ya ce, "Ai taki ce, Hajiya."

Kowa ya san wannan magana. Ka yaba agogon mutum ya ce naka ne, ka ce a'a na gode, ya ce ɗauka mana, ka ce Allah ya bar zumunci, kowa ya kama gabansa da abinsa. A kan ƙin karɓa aka gina wannan al'ada, kamar yadda ake gina gada a kan ginshiƙi. Hajiya kuwa ta ƙi, kamar yadda ya dace. Hambali ya maimaita. Ta sake ƙi. A nan ne mai hankali yake ja da baya da mutuncinsa da kujerarsa. Amma Hambali ya ji daɗin muryarsa a bayan labule, ya ga ashe kyauta ba ta da wuya, sai ya ɗaga murya ya kai hari na uku.

"Wallahi tallahi, Hajiya, sai kin tafi da ita!"

Can Hajiya ta ce, "To, tunda ka rantse, ba ni zan jawo maka kaffara ba. Allah ya yi maka albarka. Yadda ka hutar da ƙafata, Allah ya hutar da kai."

Ranar da aka yi arba'in, kujera ce ta fara shiga mota.

Shekaru suka shuɗe, har wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, saƙo ya sauka daga hedikwata kamar aradu. Daga ranar Litinin kowa ya dawo ofis, ƙarfe takwas, kwana biyar a mako, domin ƙarfafa zumunci da haɗin kai tsakanin ma'aikata. Sakin layi na uku ya ce duk wanda ya tafi da kayan kamfani ya dawo da su a ranar; wanda ya saɓa za a liƙa sunansa a allon sanarwa, a kuma miƙa shi ga kwamitin ladabtarwa.

Kafin azahar zauren ma'aikata na WhatsApp ya zama sansanin tawaye. Wani ya ce shi da ofis sai dai a kai gawarsa; daga baya aka gane kaji ɗari biyar yake kiwo a bayan gida, kuma ba sa jin maganar kowa sai tasa. Wata ta jera hujjoji goma sha ɗaya, ta nuna da alƙaluma cewa aikin da take gamawa kafin la'asar a gida, a ofis kwana biyu yake ci, saboda masu leƙowa gaisuwa. Kowa ya yaba hujjojin, ba wanda ya tura su hedikwata. Wani ya tambaya a hankali ko dokar ta shafi wanda ya koma Gombe da zama tun shekara biyu ba tare da ya sanar ba, ya ce don wani abokinsa yake tambaya. Wani dattijo guda ne ya ce shi dai ya yi murna, don gidansa jikoki tara ne, ofis kuwa akwai fanka. Aka yi masa ca har ya goge saƙon. Aka yi mubaya'a a kan kalma ɗaya: "Ba inda za mu!" Ranar Alhamis da yamma masu mubaya'ar suka fara tambayar wa zai riƙa bi ta Kawo da mota ya rage wa mutane hanya.

Hambali bai shiga wannan fitina ba. Ya aika hoton babban yatsa ga masu tawaye, ya aika irinsa ga hedikwata, kamar yadda manyan masana siyasar yaƙi suke yi. Shi komawa ofis ba ta dame shi ba kamar sakin layi na uku. Ya rufe ido ya hango allon sanarwa, wanda yake dab da ƙofar bayi inda kowa sai ya bi, ya hango sunansa a jiki, masinja na karantawa, mai shayin bakin ƙofa na tambayar me aka rubuta. Shekara goma sha tara ko biro bai taɓa kaiwa gida ba. Yanzu jinin Jatau, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, zai tsaya gaban kwamiti a matsayin ɓarawon kujera.

Ya kira majalisar shura a bakin murhu. Majalisar mutum ɗaya ce, kuma tana tankaɗe.

"Luba, wata 'yar shawara."

"In ta kujera ce, ba ni a ciki."

"Mahaifiyarki ce fa."

"Rantsuwarka ce fa. Ni na ce ka rantse? Ina ta ƙifta maka ido ta gefen labule, kai kana ta zuba kamar mai neman ƙuri'a."

"Ki ce mata aro za mu yi. Na ɗan lokaci."

"Sai ka fara mayar mata da albarkar da ta sa maka. Shekara uku kana ci."

"To ni yaya zan buɗe baki in ce wa Hajiya ta tashi daga kan kujera? Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba?"

"Da bakin da ka ce wallahi tallahi," in ji Luba, ta ci gaba da tankaɗe.

Majalisa ta watse ba a cimma matsaya ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya kai ziyarar leƙen asiri wurin masu sayar da tsofaffin kayan ofis, ya ga kujeru baƙaƙe masu ƙafa biyar kamar an haife su ciki ɗaya da tasa. Amma Mista Bulus ya san kujerunsa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, kuma lamba 47 tana da tabon dutsen guga a hannun hagu. Ban da haka, jinin Jatau ba ya rubuta lambar ƙarya da fenti. Mai fentin ma bai buɗe shago ba ranar. Ranar Asabar ya wuni yana tsara jawabi. Da la'asar ya hangi Luba a bayan kicin, waya a kunne, tana magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe. Ya ɗauka zancen biki ne, don manyan mayaƙa ba sa sa kunne a hirar mata ana jajibirin yaƙi.

Ranar Lahadi, rana ba ta gama fitowa ba, Bijimin Rigasa ya yi ɗamara da babbar rigarsa ta Juma'a, ya rataya makamansa a leda, burodi biyu da sukari da sabulu da lemon zaƙi, ya yi ban kwana da iyali kamar wanda ba shi da tabbacin dawowa. Ya hau mota a tashar Kawo, aka cusa shi gaba tare da wani mai ƙiba, ya jure. Ya sauka Kwangila a Zariya, ya sake hawa wata, ya keta gonakin rake masu tsayi kamar an kafe mashi, yana ta bitar jawabinsa mai rukuni uku: yabo, da bayanin halin da ƙasa take ciki, da buƙata. Da hantsi ya isa ƙofar gidan da babu wani mahaluki da yake tsoro a duniya kamar mai shi, alhali ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Tun daga zaure ya tuɓe takalmi. Ya yi sallama, aka amsa, ya shiga da sunkuyo, ya tsuguna nesa, ya kafe idonsa a ƙasa. Hajiya Tabawa tana ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu, a kan ganimar da ya zo nema. Da yake idonsa ba ya wuce ƙasa, ƙafafun kujerar kawai yake gani, biyar ɗin nan da ya sani, kowace taya an tokare ta da gutsuren bulo har sun yi wa kansu gurbi a daɓe, an kuma naɗe ƙarfen tsakiya da tsumman atamfa tam.

Aka buɗe wuta da gaisuwa. An kwana lafiya, yaya gida, yaya gajiya, yaya ruwa, yaya Ummi, yaya yayyenta, yaya mai sunan Malam, yaya maƙwabta, yaya wanda aka yi wa aikin ido. Hambali ya mayar da martani da nasa: yaya ƙafa, yaya jama'a, yaya rake, yaya tunkiyar da ta haihu. Aka zagayo aka sake daga farko. Minti arba'in yana tsugune, gwiwoyinsa da suka shekara huɗu ba su san wahala ba suka fara kuka, ya ce a ransa babu ɗan Adam da ya taɓa ɗanɗana azabar gwiwa irin wannan.

Ya tattara rundunarsa ya kai hari na farko. "Hajiya, dama..."

"Na'am."

"Dama cewa na yi bari in zo in gaishe ki."

"Ka kyauta. Allah ya yi albarka."

Ya ja numfashi, ya sake ɗaura ɗamara, ya zagayo ta ɓangaren hagu. "Su mutanen ofis ne suka ce..."

"Na'am."

"Suka ce a gaishe ki."

"Ina amsawa. Allah ya bar ku tare."

Hari na uku bai ko fito daga maƙogwaro ba. Jawabi mai rukuni uku ya tarwatse, yabo ya gudu gabas, buƙata ta yar da makami ta shige rake. Aka kai masa dambu zaure, don ba a ci a gaban suruka, ya yi ja da baya irin na dabara, ya cinye dambun cikin baƙin ciki, bai bar ko ƙwaya ba. Ya yi azahar a masallacin unguwa, ya dawo ya sake tsugunawa don yin sallama, ya riga ya sallama wa allon sanarwa da kwamiti da mai shayi.

A wannan sa'a ce, da tarihi ba zai manta da ita ba, abokiyar gaba ta miƙa wuya.

"Baban Ummi," in ji Hajiya, tana duban wata kaza da ke tono a gefe, "da wata alfarma zan roƙa, in ba za ta yi nauyi ba."

"Hajiya, ai umarni za ki yi."

"Kujerar nan taka. Ta ishe ni haka nan. In na ta da kabbara ina duban gabas, kafin in sallame sai in ga ina duban murhu. Ga tsufa, ga jiri. In za ka wuce, don Allah ka rage mini ita."

Al'ada ta ce ya ƙi. Amma Hambali ya sha karatu a hannun wannan al'ada, ya san inda raminta yake. Ya ce, "A'a, Hajiya," da muryar da ko kazar ba ta ji ba.

"Ka taimaka dai."

"To, Hajiya, tunda kin matsa."

Ta kama ginshiƙin rumfa da hannu biyu ta miƙe. Miƙewar ta ɗauki lokaci, amma kunya ta hana Hambali ɗaga ido, saboda haka bai ga komai ba. Ya matsa ya ture gutsattsarin bulon nan, ya warware tsumman da ya ɗaure ƙarfen, wanda da ƙyar ya kunce don ya shekara uku a wurin. Sai da ya cire shi sannan kujerar ta yi juyinta na farko da ƙara, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Jarumi ba ya tsayawa binciken tsumma a ranar nasara. A gefen ginshiƙi ya tarar da sabuwar igiya a naɗe, daidai tsawon da ake buƙata, kujerar kuma an goge ta fes har tayoyi. Ya ɗauki wannan a matsayin alamar cewa sa'a tana tare da zuriyar Jatau. Hajiya ta ba shi mazarƙwaila a kai wa yara, ta raka shi da addu'a daga inda take tsaye, hannunta bai saki ginshiƙin ba.

Ya fito ya ɗora ganima a ka, ƙafafu biyar suna duban sama kamar tuta, ya ratsa kasuwar rake yana kururuwar yaƙi: "Hattara! A ba da hanya! Kayan hukuma ne!" Direba ya ɗaure ta a but, murfi a buɗe. Wajen Jaji tayar kujerar ɗaya ta fice ta gangara cikin ciyawa, Hambali ya hango ta ta madubi, ya yi ihu har aka tsaya, ya tattare babbar riga ya shiga jeji shi kaɗai, fasinjoji takwas suna yi masa addu'o'in da ba a rubutawa. Ya fito da ita a hannu, ƙarangiya har gwiwa. Rana tana shirin faɗuwa ya shiga Rigasa, kujera a cikin Keke Napep, shi a rakuɓe a gefenta.

"Kin gani?" ya ce wa Luba, yana huci a tsakar gida. "Kina ta tsorata ni a banza. Ashe ma damunta take yi. Juya ta take yi tana salla! Ni ceto na je yi ban sani ba."

Luba ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta karɓi mazarƙwailar ta shiga ɗaki.

Ranar Litinin aka yi ƙaramin gumurzu da wando, wanda ya ƙi amincewa da abin da shekara huɗu na kusanci da tukunya suka haifar. Aka sulhunta da tsawaita tazuge. Ƙarfe takwas saura kwata ya isa ofis, ya tarar da dakarun "ba inda za mu" duk sun hallara, mai kaji ne ma ya fara zuwa, yana ta washe baki yana cewa wallahi ya yi kewar kowa. Hambali ya tura ganimarsa a kan tayoyinta ta tsakiyar jama'a, kai a sama, har ƙofar sito.

"Oga Hambali!" in ji Mista Bulus. "Kwana da yawa! Kai, ka yi jiki fa. Wannan kuma mene ne?"

"Lamba arba'in da bakwai. Duba hannun hagu, ga tabonta. Ƙafa biyar, taya biyar. Duba da kyau."

Mista Bulus ya zagaya ta, ya shafa tabon kamar mai gaida tsohuwar saniya, sannan ya kwashe da dariya. "Oga, ai waɗannan an yafe su tun bara waccan. An ce kowa ya riƙe tasa. Ba ka ga saƙon ba? Ga sababbi can an kawo, ko leda ba a cire ba."

"Sakin layi na uku ya ce..."

"Kwamfuta ake nufi. Yarinyar da ta buga saƙon, tsohuwar takarda ta kwafo. Duk ofis ɗin nan kai kaɗai ka dawo da kujera. Ka koma da abarka gida, wani ya ji daɗinta."

Hambali ya dubi kujerar, ya tuna Kwangila da Jaji da ƙarangiya. Ya ce, "Gida wa zai so ta? Jiri take sa tsofaffi."

"To tura ta ƙarƙashin bene, kusa da tsohuwar fanka."

Ya tura ta can. Ƙarfe goma aka yi babban taron ƙarfafa zumunci: kowa ya zauna a teburinsa, ya toshe kunne da waya, ya dubi kwamfutarsa, Manajan Darakta ya yi musu jawabi daga falonsa a Abuja a kan muhimmancin haɗuwa ido da ido. Daga ƙugu zuwa sama yana sanye da kwat da lakataye. Hambali kuwa ya san sirrin wannan sana'a. Da aka zo rufewa aka ce ya yi addu'a, ya yi mai tsawo, ya gode wa Allah da ya fid da shi kunya. Da aka tashi ya bi ta gaban allon sanarwa sau biyu. Babu sunan kowa a jiki.

A Maƙarfi, da aka kira la'asar, wayar Hajiya Tabawa ta yi ƙara tana cikin alwala. Luba ce.

"Inna, yaya ƙafar?"

"Lafiya lau. Ya kai musu?"

"Ya kai."

"Ba su rubuta sunansa ba?"

"Ba su rubuta ba, Inna."

"To, madalla. Kada ki gaya masa komai. Namiji ne."

Ta ajiye wayar. Ta mirgino tsohon turmi daga bakin murhu, tana yi tana hutawa, har ƙarƙashin rumfa, ta kife shi a tsakiyar gurabun nan biyar da tayoyi suka bari a daɓe. Ta ninka tsohon zane huɗu ta ɗora a kai. Turmin ba shi da majingina, ba shi da hannun da za a dafa, kuma ya gaza kujerar da kusan taƙi guda. Ta kama ginshiƙi ta sauka a hankali, gwiwoyin suka faɗi abin da za su faɗa, ta jira har suka gama. Sannan ta gyara mayafi, ta dubi gabas, ta ta da kabbara.